Neman kalmar Hausa: me za mu kira Realpolitik?

Edita: Assalamu alaikum. Kalmar Realpolitik tana yawan fitowa a sharhin manufofin harkokin waje, kuma kowane mai fassara da tasa. Wani ya ce "siyasar zahiri", wani "siyasar son kai", wani ya bar ta yadda take. Ina so mu tsayar da guda ɗaya. Sharuɗɗa uku: ta shiga kanun labari, ta iya tsayawa kishiyar "siyasar aƙida", kuma kada ta zama zagi ko yabo. Bismillah.

Malamin Tarihi: Wa alaikumus salam. Mu fara sanin abin da muke raɗa wa suna. Kalmar ta Jamusanci ce, wani ɗan jarida Ludwig von Rochau ya fito da ita a 1853. Shi kansa mai aƙida ne, yana cikin masu neman tsarin mulki da haɗewar Jamus, waɗanda yunƙurinsu na 1848 ya rushe. Abin da yake faɗa wa 'yan uwansa shi ne kyawun ra'ayi ba ya kafa gwamnati, sai an san wa ke riƙe da soja, wa ke riƙe da kuɗi. Ke nan tun asali ba ta nufin rashin aƙida. Aƙida ke zaɓa wa gwamnati inda za ta dosa da wanda za ta ɗauka abokin gaba. Ita kuwa wannan, hanyar tafiyar ce: a auna ƙarfin kai, a auna na abokin hamayya, a ɗauki abin da zai yiwu.

Tafinta: Ni dai "siyasar zahiri" nake goyon baya, Malam. Ita ce mafi kusa da asalin, wato duba al'amura yadda suke, ba yadda ake fata ba.

Malama Mai Sharhi: Ban yarda ba, Malam Tafinta. A kunnen Bahaushe kishiyar zahiri baɗini ce, don haka mai karatu zai ɗauka siyasar a-fili ake nufi. Alhali manyan misalan abin a ɓoye aka ƙulla su. A Yulin 1971 Henry Kissinger, mai ba Shugaban Amurka Nixon shawara kan tsaro, yana Pakistan aka ce ciwon ciki ya kwantar da shi, ashe jirgi ya hau zuwa Beijing. Daga nan aka share wa Nixon hanyar ziyararsa ta Fabrairun 1972. Yaya za a kira wannan "zahiri"? Kuma dubi su waye: Nixon da ƙin kwaminisanci ya yi suna, Mao, jagoran China, kuma ya shafe shekaru yana la'antar Amurka. Abin da ya haɗa su Tarayyar Soviet ce, wadda sojojinta suka gwabza da na China a kan iyaka, a kogin Ussuri, a 1969. Babu wanda ya sauya aƙidarsa a cikinsu. Kowa dai ya duba wane abokin gaba ne ya fi kusa da wuyansa.

Ɗalibin Shari'a: Allah ya gafarta malamai, "siyasar maslaha" fa? A fiƙihu maslaha ita ce jawo amfani da tunkuɗe ɓarna, kuma da Larabci ana amfani da ita wajen faɗin muradun ƙasa.

Malamin Tarihi: A fiƙihu haka ne, ɗalibi. Amma a bakin jama'a, in aka ce "a nemi maslaha", sulhu ake nufi. Mutumin da aka fi jingina wa kalmar nan, Bismarck, firaministan Prusiya (masarautar da ta jagoranci haɗe Jamus), yaƙi uku ya yi cikin shekara bakwai: da Denmark a 1864, da Austriya a 1866, da Faransa a 1870 zuwa 1871. Mai karatu ba zai gane wannan da sunan maslaha ba.

Amma ku tsaya a kan 1866, don a nan ne ma'anar take. Bayan Prusiya ta murƙushe Austriya a Königgrätz ranar 3 ga Yuli, Sarki Wilhelm na Prusiya yana so a shiga Vienna, babban birnin Austriya, a kuma yanki ƙasa. Bismarck ya kafe ya hana. Ba tausayi ba ne: ya riga ya sami abin da ya fito nema, wato fitar da Austriya daga harkokin Jamus, kuma ya san zai buƙace ta gaba. A 1879 Jamus da Austriya suka ƙulla ƙawance. Sai ku kwatanta da 1871, da aka ƙwace wa Faransa yankin Alsace da wani ɓangare na Lorraine, aka kuma ɗora mata diyyar faran biliyan 5. Nan aka sayi gabar da ta kai har Yaƙin Duniya na Farko a 1914. Duk kalmar da za mu zaɓa, dole ta ɗauki yin yaƙi da kuma sanin inda za a tsaya.

Dattijo: To ku ɗauko daga cikin gida mana. "Siyasar iya ruwa fidda kai", ko "siyasar ba sani ba sabo".

Edita: Ranka ya daɗe, duka biyun suna da daɗin ji, kuma za su yi kyau a cikin sharhi. Ta farko dai ta mai neman tsira ce, ta dace da ƙaramar ƙasa da ke tsakanin manya, ba ta dace da babbar ƙasa mai neman ƙari ba. Ta biyu kuma mun saba jin ta a kan hukuma mai hukunta kowa ba tare da duba fuska ba, yabo ce. "Son kai" kuwa na cire ta tun farko, hukunci ce, ba suna ba. Aikin mai sharhi ne ya yanke hukunci, ba na mai fassara ba.

Malama Mai Sharhi: Ga tawa: "siyasar lissafi". Muna cewa "mutum ne mai lissafi", muna cewa "lissafinsa ya kwance". Kalmar ba ta ce mai yin ta nagari ne ko mugu ba, kuma tana karɓar kuskure, wanda shi ne rabin labarin wannan siyasa. Ku gwada ta da yarjejeniyar 23 ga Agustan 1939 tsakanin Jamus ta Hitler da Tarayyar Soviet. Aƙidu biyu masu gaba da juna, suka sa hannu kan ba za su kai wa juna hari ba, da wani sashe na sirri da ya raba Poland da ƙasashen Baltic. Stalin, shugaban Tarayyar Soviet, ya lissafa cewa Hitler ba zai buɗe fage na biyu ba alhali bai gama da Birtaniya ba. A ma'aunin ƙarfi, lissafin daidai ne. Ranar 22 ga Yunin 1941 Jamus ta afka masa, domin mallakar ƙasashen gabas da rusa kwaminisanci aƙida ce a wurin Hitler, ba abin ciniki ba. Babban abin da ke karya wannan siyasa ke nan: ka ɗauka abokin hamayyarka ma lissafi yake yi irin naka.

Tafinta: Ta zauna a jimla, ban musa ba. Damuwata ita ce, in muka ce "siyasar lissafi" kishiyar "siyasar aƙida", kamar mun ce mai aƙida ba ya lissafi.

Malamin Tarihi: Gyaran wannan a rubutu yake. Kada a liƙa wa ƙasa sunan gaba ɗaya, a liƙa wa mataki. Iran bayan juyin juya halin 1979 ta yanke hulɗa da Isra'ila, ta miƙa ginin ofishin Isra'ila na Tehran ga ƙungiyar Falasɗinawa ta PLO. Wannan matakin aƙida ne. Ita dai wannan gwamnatin, a 1985 da 1986, yaƙin Iraƙi ya matse ta, ta karɓi makamai masu linzami na Amurka, kason farko ma ta hannun Isra'ila ya bi. Wannan matakin lissafi ne. Tambayar da mai fassara zai yi kafin ya sa kalmar guda biyu ce. Shin matakin ya saɓa wa abin da gwamnatin ke shelantawa a matsayin aƙidarta? Kuma akwai wani abu takamaimai da ta samu, makami, ƙasa, kasuwa ko raba kan maƙiya? In amsar duka biyun e ce, kalmar ta hau.

Ɗalibin Shari'a: Mai yin ta fa, me za a kira shi? "Ɗan lissafi" zai rikice da masanin darasin lissafi.

Edita: Gaskiyarka. Mu guji wannan, mu ce "mai bin siyasar lissafi", jam'i "masu bin siyasar lissafi". Ga abin da na rubuta a kundin salo. Realpolitik: siyasar lissafi. A ambato na farko cikin labari a biyo ta da bayani, "wato fifita muradun ƙasa da auna ƙarfi a kan aƙida", daga nan a ci gaba da gajeren. Ba a amfani da ita a kan siyasar cikin gida ta sauya sheƙa da neman kujera, sai a kan hulɗar ƙasa da ƙasa. A kanu: "Siyasar lissafi ce ta kai Nixon Beijing."

Dattijo: Na karɓa. Amma ku bar mini "iya ruwa fidda kai" a gefe, don akwai Finland lokacin yaƙin cacar baka: dimokuraɗiyya ce mai kasuwa a buɗe, ta ƙulla yarjejeniyar abota da Moscow a 1948, ta ƙi shiga NATO har sai 2023. Wannan ma yana da sunansa a bakin masana, Finlandization, kuma shi nake so mu ɗauka a gaba.

Edita: An sa shi a layi, Baba. Malam Tafinta, kai za ka buɗe mana shi.