Wace kalma za mu ba "passing" a Hausa?

Jiya ina fassara hirar wani Ba'amurke mai shigar mata, sai kalmar "passing" ta tsayar da ni cak. Abin da yake nufi shi ne ya fita cikin kayan mata, jama'a su gan shi, kada kowa ya gane namiji ne. To me za mu ce da Hausa?

"Wucewa" dai ba ta shiga. Ka ce wane ya wuce, za a tambaye ka ya wuce ina.

Kalmar ta fara ƙarfi ne a zancen launin fata a Amurka, inda mai jinin baƙar fata amma hasken fatarsa ya yi yawa yake shiga cikin Turawa ba a gane shi ba. Homer Plessy, wanda shari'arsa ta kai Kotun Ƙoli a 1896, irinsu ne. Da ya zauna a taragon Turawa a New Orleans a 1892, sai da aka sanar da ma'aikatan jirgin asalinsa kafin a kama shi.

Wani malamina ya ce in sa "ɓad-da-kama". Malam, Allah ya ƙara ilimi, amma ban gamsu ba, domin ɓarawo ma ɓad-da-kama yake yi. Wata yayata kuma ta kawo "shigar burtu". Wannan ta fi muni. Maharbi ne ke ɗaura kan burtu a goshi, ya duƙa yana tafiyar tsuntsu har ya kusanci naman da zai harba. Ka liƙa wa mutum wannan kalmar, ka riga ka yanke masa hukuncin mafarauci, alhali shi ne ke fita gabansa na faɗuwa.

Ni na tsaya a kan "sajewa". Ya saje, bai saje ba, fargabar rashin sajewa. Ba zargi a cikinta, ba yabo. Ko kana ƙyamar abin ko ba ka ƙyama, da ita za ka iya faɗin abin da ake nufi daidai.

Sai dai kalmar ta nuna mini wani abu da ya taɓa zuciyata. Sajewa a idon mai kallo take, ba a hannun mai ita ba. Ba'amurken nan ya ba da labarin yadda yake shafe awa biyu gaban madubi yana rufe shatin gemu da hoda, ya dubi faɗin kafaɗarsa da maƙogwaronsa, sannan ya cire komai ya fasa fita. Ban raina tsoronsa ba, a wurare da yawa rashin sajewa duka yake jawowa. Amma shi ya kai ga auna darajarsa gaba ɗaya da kallon wanda bai san shi ba.

Sai na tuna wani ɗan daudu da ke soya kaji a tasharmu ina yaro. Zani ɗaure a kan riga, gashin baki a fili, murya ta maza. Bai taɓa sajewa ba, bai ma nema ba. Amma in ya juya matsami cikin mai yana amsa habaici da habaici, direbobi layi suke yi. Kuma shi ne ke zuba wa almajirai ragowar tuwo da daddare. Zagi ya sha shi, na sani, amma ban taɓa ganin ya sunkuyar da kai ba.

Abin da yake da shi, wanda Ba'amurken ke nema a madubi, na fassara shi da "sakin jiki", wani wurin kuma "yarda da kai". Darajar da ba ta rataya ga sura ba na bar mata sunanta, mutunci.

'Yan'uwa na Damagaram da Maraɗi, ku ma "sajewa" kuke cewa, ko akwai wata a bakinku?