Flitwick ko cikin Luton? Masu zama a Ingila ku ba ni shawara

Maman_Iman:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah waɗanda suka san yankin Bedfordshire ku taimaka min, wlh kaina ya ɗaure.

Ni nas ce, na samu aiki a wani asibiti a tsakiyar Landan, daga tashar St Pancras da ƙafa ma ana zuwa. Biza ta fito alhamdulillah, da maigida da yara biyu za mu taho, babbar shekararta 7 ƙaramin 3. Asibitin za su ba ni ɗaki na ɗan lokaci amma ni kaɗai, to da iyali dole mu nemi namu. Na duba Rightmove, shafin neman gidan haya, har idona ya gaji, hayar Landan kam ba a magana, gida mai ɗaki biyu sai ya kusa lashe albashin gaba ɗaya. Shi ne wata ƙawata ta ce in bi layin jirgin Thameslink in yi arewa tasha bayan tasha har in iso inda aljihuna zai ɗauka, a haka na ci karo da Flitwick. Ƙaramin gari ne tsakanin Luton da Bedford, mutanensa wajen dubu 13, jirgi kai tsaye yake zuwa St Pancras ba canji, wajen minti 50. A hoto dai ya kwanta min, shiru, ga ɗan fili bayan gida da yara za su yi wasa.

Amma hoto daban zama daban. Za a iya rayuwa a wurin ba mota? Makarantar yara fa? Akwai masallaci kusa? Maigida shi ya fi son Luton wai ya fi jama'a. Duk wanda ya san wani abu ya faɗa min tsakani da Allah, ko mai daɗi ko mara daɗi.

Abu_Hanif:

Wa alaikumus salam Maman Iman, barka da arziki, Allah ya sa a shigo a sa'a. A Bedford nake, wannan layin nake bi zuwa aiki, ta Flitwick muke wucewa kullum.

Kar ki kalli kuɗin haya shi kaɗai. Ki ɗauko takarda ki rubuta haya, ki ɗora kuɗin jirgi a kai, ki ɗora harajin kansul, sannan ki kwatanta da gidan Landan ɗin da kika gudu. Flitwick tana wajen zon-zon na Landan, katin Oyster da ake biyan kuɗin jirgi da bas da shi a Landan ba ya aiki a can, kuma tikitin shekara dubban fam ne ba wasa ba. Yadda suke lissafi, tikitin shekara kuɗin sati 40 ne na tikitin sati-sati, to mai zuwa ofis Litinin zuwa Juma'a shi ke cin ribarsa. Ke kuwa nas ce, in dogon shif kike yi sau uku ko huɗu za ki shiga Landan a sati, wani ma Asabar ko Lahadi ne da tikiti ya fi sauƙi, to zai iya yiwuwa na shekaran bai biya ki ba. Akwai wanda suke kira Flexi, kwana 8 ne kike amfani da su cikin kwana 28, shi ma ki saka shi a lissafi. Ki shiga shafin National Rail ki sa Flitwick zuwa St Pancras duk farashin zai fito miki. Sannan satin da kike aikin dare ki sani tikitin je-ka-dawo na yini ɗaya ba zai dawo da ke da safe ba, ƙarfe 4:29 na asuba yake mutuwa, mutane da yawa ba sa kawo wannan a lissafinsu sai sun fara.

Abu mai daɗi shi ne ƙarin kuɗin da NHS, hukumar asibitocin gwamnati, ke ba ma'aikatan Landan da inda kike aiki ake dubawa ba inda kike kwana ba. Na tsakiyar Landan kashi 20 ne na albashi, da ƙasa da sama da suka kayyade, to ko a Flitwick kike za ki karɓa. Wannan shi ya sa da yawa suke fitowa irin garuruwan nan.

Minti 50 ɗin kuma na cikin jirgi ne kawai fa. Ki ƙara tafiya daga gida zuwa tasha, jira, fita daga St Pancras ɗin ma kanta sai kin hau sama daga can ƙasa, sannan ƙafa zuwa asibiti ki canja kaya. In karɓar aiki 7:30 ne to wajen 6 kin bar gida, ki tashi 8 na dare ki iso 9 da wani abu, yara sun yi barci kika fita sun yi barci kika dawo. Ba wai ba a yi ba ne, ana yi sosai, amma ki shiga da saninki.

Harajin kansul kuma kowane gida da rukuninsa daga A zuwa H, ki tambayi ejan wane rukuni gidan yake kafin ki sa hannu, yawanci sau 10 ake biya daga Afrilu zuwa Janairu amma kina iya roƙo a raba miki 12.

Anti_Hajjo:

Ni dai 'yar nan gaskiya zan faɗa miki, bayan maigidanki nake. Ke za ki fita aiki ki ga mutane ki yi magana, shi ne zai wuni a garin nan da ƙaramin yaro, shi ya kamata a tambaya. Irin garuruwan nan da an yi 9 na safe kowa ya bi jirgi ko ya ja motarsa, titi ya yi tsit, sai tsofaffi da masu yawo da kare. Ba wai mutanen ba su da kirki ba ne, za su gaishe ka su yi murmushi, amma a nan ta tsaya, ba wanda zai ƙwanƙwasa maka ƙofa. Ga shi in Disamba ta zo kafin ƙarfe 4 na yamma rana ta faɗi, a ɗauko yara daga makaranta a rufe ƙofa shi kenan sai gobe. Na ga maza da mata da yawa da wannan zaman ya taɓa wlh, mutum ya zo da fara'arsa wata shida ka ga ya koma shiru-shiru, kuma daga nan ake fara samun saɓani a gida a rasa daga ina abin ya taso.

Luton gari ne babba, mutum sama da dubu 200, kusan kashi ɗaya cikin uku musulmi ne. Unguwar Bury Park masallatai ne ko ta ina, ga islamiyyar yara da yamma, ga bas ko'ina, ga aiki a filin jirgi da manyan sito-sito na kaya da mai neman farawa zai iya samu. Kuma jirgin da zai ɗauko ki daga Flitwick ta Luton ɗin zai biyo, kin rage tafiya kin rage kuɗi. Na san za a ce miki Luton akwai hayaniya da cunkoso da rashin tsafta a wasu titunan, eh akwai, ban ɓoye miki ba, shi ya sa ake zaɓen unguwa. Ki duba wajen Leagrave, ita ma tana da tasharta a kan layin.

Ummu_Sadiq:

Anti Hajjo ina girmama maganarki amma bari in faɗi ɗaya ɓangaren, don mu a Flitwick ɗin muke kuma ba mu da niyyar tashi.

Maman Iman garin ƙarami ne ta yadda kusan duk inda kika samu gida za ki iya takawa zuwa tasha. Akwai babban kantin Tesco dab da tashar, akwai laburare, akwai wurin motsa jiki mai wurin ninƙaya da ake koya wa yara, akwai GP, wato ƙaramin asibitin unguwa. Cefanen yau da kullum ba sai da mota ba, ni da keken yaro nake turo kayana. Amma asibiti babba sai Bedford ko Luton, Juma'a ma haka, maigidana jirgi yake hawa zuwa Luton, Harlington, Leagrave sai Luton, ko kwatan awa bai cika yi a ciki ba. In kuma Bedford ya nufa tasha ɗaya ce, unguwar Queen's Park tana kusa da tashar akwai masallatai. To ba wai an yanke ka daga jama'a ba ne, sai dai komai sai ka shirya ka fita ka nema, ba ya samunka a ƙofar gida.

Makaranta ki lura da kyau don tsarin nan ya bambanta da yawancin Ingila. Hawa uku ne, ta ƙasa har shekara 9, ta tsakiya 9 zuwa 13, sai ta sama daga 13 wadda take Ampthill, garin da ke manne da mu. Kin ga 'yarki mai 7 shekara biyu kawai za ta yi a canja mata makaranta, ga sabon wuri ga sabon canji, ki shirya mata zuciya tun yanzu. Ta hannun kansul ɗin Central Bedfordshire ake nema, kuma tunda a tsakiyar zango za ku zo inda ke da gurbi za a ba ku, ba lallai wadda ta fi kusa da gida ba, don haka kafin ki kama gida ki tura musu imel ki tambayi inda ke da gurbi a ajinta. Ƙaramin kuma yana da awa 15 kyauta a sati a nazare, wannan na kowane yaro ne mai 3 da 4 ko wace irin biza iyayensa ke da ita. Awa 30 ɗin da za ki ji ana faɗa yawanci masu irin bizarmu ba sa samu, kar ki sa shi a lissafi.

Abin da ya riƙe ni a nan yarana ne. Da safe mu taka zuwa makaranta, mai tsallakar da yara ta san sunansu, a bakin get iyaye ke tsayawa kuma a nan na samu duk ƙawayen da nake da su yanzu, wata ta gayyaci ɗana wasa gidansu daga nan aka saba. Sai dai fa kai za ka fara yin sallama, in ka jira a zo maka za ka daɗe. Shekarar farko ta yi min nauyi, wannan Anti ba ta yi ƙarya ba.

Mota kuwa a ƙarshe sai kun saya, bas ɗin nan da yamma da ranar Lahadi ba abin dogaro ba ne. Lasin ɗin da kuka zo da shi wata 12 kawai zai yi muku, maigida ya nemi na koyo ya yi jarrabawar rubutu da wuri don samun ranar gwajin tuƙi na ɗaukar watanni, inshorar sabon zuwa kuma tana da zafi.

Baban_Walid:

Ƙari kaɗan kan haya, ko ina kika zaɓa. Kar ki tura wa kowa ko fam ɗaya kan gidan da ba ki shiga da ƙafarki ba ko wani naki bai shiga ba, masu damfara sun san sababbin zuwa suke nema a Facebook. A doka kuɗin kama gida bai wuce hayar sati ɗaya ba, dipozit bai wuce na sati biyar ba, kuma dole mai gida ya ajiye shi a asusun da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30 ya ba ki shaida. Ki nemi takardar EPC ki gani, ita ke nuna yadda gidan ke cin wuta da gas, daga A zuwa G ne, gidan da ke can ƙasa hita za ta cinye ku da sanyi. In kin je gani ki leƙa bayan labule da kusurwar banɗaki ko akwai baƙin danshi. Za su nemi wasiƙar aiki, wasu su ce sai garanto, wato wanda zai tsaya miki, tunda ba ki da tarihin bashi a ƙasar.

Maman_Iman:

Kai jama'a na gode, Allah ya saka da alheri ya raya zuri'a. Anti Hajjo maganarki ta shige ni sosai, na karanta wa maigida ya yi shiru ya ce abin da yake ji kenan bai san yadda zai faɗa ba. Ummu Sadiq ke ma kin kwantar min da hankali ta wajen yara. Yanzu abin da muka tsayar, ni zan fara zuwa in zauna a ɗakin asibitin, ranar hutu in hau jirgin in ga Flitwick in ga Leagrave da idona kafin su taso. Abu Hanif dan Allah tambaya ɗaya, in shif ya faɗo min safiyar Lahadi jirgi na kai mutum kafin 7:30?

Abu_Hanif:

Lahadi ita ce ranar da za ki fi sa ido. Jirage sun fi ƙaranci da sassafe, kuma yawanci ƙarshen sati ake gyaran layi, wani lokaci a rufe wani yanki a sa bas ya maye gurbin jirgi, tafiyar minti 50 ta ninka. Suna sanarwa tun da wuri, to duk ranar da rosta ta fito ki buɗe shafin National Rail ki duba Lahadin da ta faɗo miki ɗaya bayan ɗaya, wadda kika ga ba ta yi ba ki nemi musanya ko ki kwana wajen wata a Landan. In za ki je ganin garin kuma kar ki je da rana tsaka kawai, ki je wajen 9 na dare ki taka daga tasha zuwa titin da gidan yake, hanyar da za ki riƙa bi kenan bayan aiki. Leagrave ma ki yi mata haka.