Neman kalma: me za mu ce wa "dumping" da Hausa?

Malamin tattalin arziki, Kura:
Salamu alaikum jama'a. Kalmar nan tana yawan fitowa duk lokacin da ake muhawara kan kasuwanci marar shinge, kuma har yau ba mu tsaya a kan Hausarta ba. A rediyo wani ya ce "jibge kaya", wani ya ce "zubar da kaya". Ga ma'anarta a dokar ciniki: kamfani ya sayar da kayansa a wata ƙasa a kan farashin da bai kai wanda yake sayarwa a ƙasarsa ba. Haka take a sashe na 6 na yarjejeniyar GATT ta 1947 kan haraji da ciniki tsakanin ƙasashe, wadda Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta gada a 1995, kuma Najeriya na cikinta. Muna son kalma gajera, wadda manomi zai ji ya gane, kuma za a iya haɗa ta da "haraji" ba tare da harshe ya harɗe ba.

Dillalin shanshera, Auyo:
Wa alaikumus salam. Malam, ai muna da ita a kasuwa: karyarwa. Idan kaka ta yi, manomi na da bashin taki da na man inji da kuɗin masu yanka, sai ya kawo buhu goma ya karyar don ya rabu da masu binsa. Kowa ya san wanda ya karyar ya sayar ne ƙasa da yadda kaya suka kamata. Abu ɗaya ne ke ba ni shakka. Mai karyarwa a wurinmu matsi ne ya kama shi, abin tausayi ne. Shi kuwa wannan kamfanin da kake faɗa, da ƙoshinsa yake yi.

Tsohon jami'in kwastan, Maigatari:
Kafin a raɗa suna a san jaririn. Abubuwa uku ne mutane ke cakuɗawa. Akwai fasa-ƙwauri, wato a kauce wa haraji ko a shigo da abin da aka hana. Akwai tallafi, gwamnatin can ce ke biyan wani ɓangare na kuɗin noma ko sarrafawa. Sai wannan da muke nema wa suna, wanda kayansa kan shigo ta tashar ruwa da takardu cikakku, an biya haraji tsaf.

Ga yadda ake gane shi. A ɗauki farashin kaya a ƙasar da aka yi su, a ƙofar masana'anta. A ɗauki farashin da aka sayar wa mai shigowa da su, a cire kuɗin jirgi da inshora da dako, shi ma ya koma na ƙofar masana'anta. Misali kawai: buhu a gida dala 30, na fitarwa dala 24. Ratar dala 6 ce, a raba da 24, kashi 25 cikin ɗari ke nan. Idan ba sa sayar da kayan a gida sosai, wato bai kai kashi 5 na abin da suke turo mana ba, sai a duba farashinsu a wata ƙasa ta uku, ko a lissafa kuɗin yin kayan a ɗora riba daidai gwargwado. Ratar da ba ta kai kashi 2 ba ba a kulawa da ita.

Kuma samun rata kaɗai bai isa a sa haraji ba. Dole a nuna masana'antun gida sun cutu, ciniki ya ja baya, an sallami ma'aikata, kuma a nuna wannan kayan ne sanadi. Masu kai ƙara su kasance suna yin aƙalla kashi 25 na abin da ake yi a ƙasa. Bincike shekara ɗaya ne, ba ya wuce wata 18, harajin kuma yana ƙarewa bayan shekara biyar sai in an sake dubawa. A nan muke makalewa. Muna da dokar tun 1958, amma wa zai tara manoman Hadeja da na Kura da littattafan lissafinsu? Yawanci ba a rubuta komai.

Malama mai fassara, Birnin Kudu:
Baba, ka ba mu abin aiki. Bari in tankaɗe waɗanda aka kawo. "Zubar da kaya" yana kai tunani juji, mai sauraro zai zaci ruɓaɓɓen kaya ake nufi, alhali kayan na iya zama masu kyau. "Jibge" yawa yake nunawa, bai ce komai a kan farashi ba, kuma farashin ne zuciyar maganar. Na ji wani ya ce "gwanjo", wannan kuwa ya riga ya zama sunan tsofaffin tufafi. "Karya farashi" ma ba zai yi ba, don abin yabo ne a bakin mutane, a azumi ana roƙon 'yan kasuwa su karya farashi.

Shawarata "karya-kasuwa", a kan zubin fasa-ƙwauri da ci-rani. Yana karɓar komai: kayan karya-kasuwa, 'yan karya-kasuwa, harajin karya-kasuwa. Sai dai a kula da rubutu, kar wani ya lanƙwasa k ɗin ta koma ƙarya, kodayake wani lokacin ba su da nisa da juna.

Malamin tattalin arziki, Kura:
Malama, sunan ya zauna a baki. Dalilin da ya sa nake son mu kiyaye shi ne, a kan wannan kalmar masu sukar kasuwanci marar shinge ke ɗora rabin hujjarsu. Masanin tattalin arziki na Ingila, Dauda Rikado, a 1817 ya kawo misalin Ingila da Fotugal, tufafi da giya, ya ce kowace ƙasa ta duƙufa kan abin da ya fi zo mata da sauƙi, a yi musaya, kowa ya ƙaru. Lissafin daidai ne a takarda, amma bisa sharuɗɗa: farashi ya nuna ainihin kuɗin yin kaya, jari ya zauna a ƙasarsa, wanda aikinsa ya mutu ya samu wani nan da nan. To masaƙin da aka sallama a masana'antun Sharaɗa ko Bompai a Kano wane aiki ya koma?

Auduga ce shaida mafi ƙarfi. Barazil ta kai Amurka ƙara a 2002 kan tallafin da take ba manoman audugarta, ta yi nasara, aka rufe maganar a 2014 da biyan dala miliyan 300. Benin da Burkina Faso da Chadi da Mali sun kai irin wannan kuka a taron Ƙungiyar Ciniki ta Duniya na Kankun a 2003. Manomansu sun fi na Amurka noma da araha, amma farashin duniya ya faɗi a kansu. Sai a Nairobi a 2015 aka amince a daina tallafin fitar da amfanin gona, shi kuwa tallafin cikin gida yana nan. Tun 1841 wani masanin tattalin arziki Bajamushe, Firedirik List, ya ce wanda ya hau sama yakan ture tsanin, don Ingila ta kare masana'antunta kafin ta fara wa'azin buɗe ƙofa. Mu kuma a 1986 muka shiga SAP, shirin sake fasalin tattalin arziki, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, aka sassauta shigo da kaya.

Manomin tumatir, Kadawa:
Allah ya ƙara ilimi, Malam. A tumatir abin a fili yake. Ana bukatar ɗanye kilo shida zuwa bakwai kafin a samu kilo ɗaya na markaɗaɗɗe mai kauri. Idan durom ɗin da ya taso daga Sin ya iso Legas da arahar da ba ta kai kuɗin ɗanyen da za a saya a nan ba, mai gwangwani ba zai waiwayi gonarmu ba, ruwa zai sirka ya cika leda. A watan Fabrairu da Maris kwando ya yi yawa, ba mai saye, a yanka a shanya a ƙasa. A 2017 gwamnati ta ɗaga harajin markaɗaɗɗen zuwa kashi 50, da ƙarin dala 1,500 a kan kowane tan. Ni dai sunan karya-kasuwa ya yi min.

Ɗan Kwari, mazaunin Gezawa:
Ku yi haƙuri, ni a nan nake da ja. In muka sa wannan suna, duk abin da ya zo da araha za a liƙa masa. Atamfar da ta cika Kantin Kwari, da yawanta araharta ta gaskiya ce: wuta ba ta ɗaukewa a can, bashin banki da ruwa kaɗan, inji sabo. Mu kuwa dizal da janareta. Saura kuma fasa-ƙwauri ne ta Nijar da kwaikwayon zane. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kuma mai saye fa? Da aka rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, manomin shinkafa ya dara, amma mai gida da ke auna kwano ya ji a jika. Suna mai ɗauke da hukunci bai kamata a ba abin da ba a bincika ba.

Tsohon jami'in kwastan, Maigatari:
Alhaji ya faɗi gaskiya, kuma dokar ma a gefensa take. Ba ta haramta sayarwa da farashi biyu ba, wanda ya cutar ne take tuhuma. Wani kamfanin rarar kaya ce ta yi masa yawa, wani yana neman gindin zama a sabuwar kasuwa, wani kuma so yake ya kashe na gida sannan ya ɗaga farashi. Kalma ɗaya ba za ta ɗauke su duka ba.

Malama mai fassara, Birnin Kudu:
To a raba gida biyu. Aikin kansa, wanda lissafi ke nunawa, a dawo da kalmar Malam na Auyo a ƙara mata wuri: karyarwar ƙetare. Ba ta zargi kowa ba, ta ce an sayar ƙasa da na gida, a waje. Idan bincike ya tabbatar da cuta, sai ta zama karya-kasuwa. Bambancin farashin a kira shi ratar karyarwa, harajin da ake cike ta da shi kuma harajin karya-kasuwa, tunda ba a sa shi sai an tabbatar. A jumla: "Masu casar shinkafa na zargin karyarwar ƙetare, sun nemi a sa harajin karya-kasuwa."

Dillalin shanshera, Auyo:
Na sallama, Malama. "Ƙetare" ta cire manominmu daga ciki.

Malamin tattalin arziki, Kura:
Mun tsaya a nan ke nan: karyarwar ƙetare, karya-kasuwa, ratar karyarwa. Harajin da ake sa wa kayan da gwamnatinsu ta tallafa daban ne, hanyar lissafinsa ma daban, kar a ara masa wannan suna. Baba na Maigatari, ka fara tunanin abin da za mu ce masa, don madarar garin Turai da ake haɗawa da man ja tana jiranmu a wannan babin.