Sunana bai fito a jerin masu karatun likita ba: waɗanda suka sake gwadawa, me kuka gyara?

Ƴar Garin Malam:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Na ci bak D, jarrabawar gama sakandare ta fannin kimiyya, bana da mwayen (matsakaicin maki) 11 da ɗan ɗoriya bisa 20. Na kai dosiyena sashen karatun likita na Jami'ar André Salifou nan Damagaram, da jerin sunaye ya fito babu nawa. Sau uku ina bin takardar da yatsa daga sama har ƙasa, har wata a bayana ta ce, "Baiwar Allah, matsa mu ma mu duba." Baba ya ce in rungumi ƙaddara in ɗauki wani fanni, Inna kuwa ta soma zancen auren nan da kuka sani. Ni dai raina yana kan likita. Don Allah wanda ya taɓa rasawa ya sake nema, me ya gyara?

Ɗan Birni:
Ƙanwata, kafin ki zargi ƙwaƙwalwarki, zazzage ambulan ɗin takardunki a kan tabarma ki duba su ɗaya bayan ɗaya. Ni abin da ya kayar da ni shekarar farko ba maki ba ne. A takardar haihuwa an rubuta sunan mahaifina iri ɗaya, a takardar makin bak an rubuta shi wani iri, harafi biyu ne tak bambancin. Kin san yadda muke da Mahamadu da Mahaman da Mamman, kowane magatakarda da yadda kunnensa ya jiye masa. Ni ban ma lura ba, sai da wani tsohon ma'aikaci abokin Baba ya jera takardun biyu, ya ɗora yatsa a kan sunan, ya dube ni ta saman gilashi ya ce, "Yaro, a wurin hukuma ku biyu ne." Wata huɗu na yi ina zirga-zirga a kan kabu-kabu kafin a daidaita sunan. Karo na biyu tun ranar farko na kai dosiye, kowace takarda da hatiminta, na kuma riƙe kwafi biyu-biyu a gida. Ban tsaya kan Damagaram kaɗai ba, tun da Maradi da Yamai su ma suna da sashen. A Maradi na samu.

Mushe, malamin SVT (darasin kimiyyar halittu da ƙasa):
Ƴata, zan faɗa miki abin da ba a son ji. Daga 10 zuwa ƙasa da 12 pasabul ne, sai an kai 12 ake shiga sahun masu lambar yabo, kuma inda masu nema suka fi kujeru yawa, daga sama ake yankowa. Amma kada ki tsaya kan mwayen kaɗai. Nawa kika samu a SVT, nawa a fizik da shimi (wato kemistri), nawa a lissafi? Na koyar da yaran da falsafa da Faransanci suka ɗaga su, kimiyyar kuwa tana ƙasa, su kuma suna mamakin yadda aka tsallake su. In shimi ce ta ja ki ƙasa, to ita za ki sa gaba, ba SVT da kike jin daɗinta ba. Sannan ki karanta sanarwar da za a fitar badi da idonki, musamman wajen shekaru da shekarar da aka ci bak. Kada ki dogara da labarin ƴan fada.

Anfirmiye (ma'aikacin jinya), Sabon Gari:
Ni ban koma ba, kuma ban yi nadama ba. Da na rasa, makarantar kiwon lafiya ta ƙasa da ke nan Zinder na shiga, na yi shekara uku. Ranar farko da aka kai mu koyon aiki na ga ana wanke wa wani dattijo gyambon ƙafa, ƙawata da ta fi kowa cika baki da "dokta" ta zube a bakin ƙofa. Ki nemi wata ƴar uwa da ke aikin asibiti ta ba ki labarin dare ɗaya na gadi lokacin damina, sa'ad da zazzaɓin cizon sauro ke cika ɗakin yara. In kin ji kin kuma ce kina so, to da gaske kike.

Ɗan Magariya:
Ni Najeriya na nufa, ganin ga Kano nan kusa. Can sai ka zauna JAMB, jarrabawar shiga jami'a: Turanci, bayoloji, kemistri da fiziks, maki 400. Kimiyyar ban ji tsoronta ba, Turancin ne ya kwance mini zani a kasuwa. Wanda ya yi lakkol da Faransanci tun daga aji ɗaya, kada ya ɗauka Hausa za ta fisshe shi a ɗakin jarrabawa. Na dawo gida babu ko sisi.

Ɗalibar shekara ta uku:
Ni a karo na biyu na shiga, kuma shekarar da na "rasa" ita ta cece ni. Ban zauna gida ba, don in kin zauna, aikin tsakar gida da masu sallama a ƙofa za su cinye ki. Na yi rajista a sashen kimiyya, fannin nazarin halittu. Da yamma kuma in je wajen wata yayarmu da ke aji biyu na likita in ari kayenta, wato littafin da take rubuta darasi. Ita ta fara nuna mini ƙasusuwan jiki 206, ta ce in zana ƙashin kafaɗa kullum har sai hannuna ya iya shi ba tare da na duba ba. Ina zanawa a bangon ɗaki da alli, Inna tana gogewa tana faɗa. Lokacin zafi kuwa, in wuta ta ɗauke, fitilar sola nake ratayawa a bishiyar dogon yaro in ci gaba.

Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne, ganin suna a jeri ba shi ne cin nasara ba. Shekarar farko ita ce matankaɗi. Na ga masu mwayen 14 sun kwashe kayansu, don sun saba malami ya yi shifta su rubuta, a nan kuwa malami zai zuba babi guda cikin awa biyu ya ɗauki jakarsa. Mu da muka riga muka ɗanɗana zaman jami'a ba mu firgita ba.

Maganar Inna kuma, kada ki yi jayayya da ita. Nemi wani kawu da take jin nauyinsa ya roƙar miki shekara ɗaya. Ɗaya fa, kada ki ce "sai na samu", wannan kalmar ce ke tayar musu da hankali.

Ƴar Garin Malam:
Allah ya saka da alheri, Allah ya bar zumunci. Mushe, na duba: SVT 14, fizik da shimi 7. Ban da ta cewa. Yaya Ɗan Birni, takarduna sun yi daidai, sai dai takardar shaidar ɗan ƙasa kwafin ya dushe, gobe zan sake. Rajistar sashen kimiyya kuma Baba ya amince. Saura kawu, yana Mirriya, sai ranar Lahadi in ya shigo.