Ƙauyen Roquefort na Faransa: ta yaya nonon tumaki ya riƙe gari?

Mai tambaya daga Ringim:
Assalamu alaikum. An ce akwai wani ƙauye a kudancin Faransa, Roquefort, mutanensa ba su kai 700 ba, amma cukun da ake yi a can har Amurka ake kai shi, kuma wai da nonon tumaki ake yi, ba na shanu ba. Masana, ina garin yake, me ya sa ya yi suna haka? Kuma mu da muke da Balami da Uda cike da kasuwar Maigatari, me zai hana mu gwada?

Malamin labarin ƙasa, Wudil:
Wa alaikumus salam, Malam. Cikakken sunansa Roquefort-sur-Soulzon, a yankin Aveyron, kamar kilomita 25 daga garin Millau. Ƙauyen manne yake a gindin wani dutse mai suna Combalou. Ƙasar wurin ta farar ƙasa ce mai shanye ruwa, ko an yi mamakon sama nan da nan ya zurare ƙasa, shi ya sa noma bai cika albarka a tudun Larzac da ke kusa ba, sai kiwon tumaki. Makiyayan can sukan haƙa ɗan tafki su shimfiɗe shi da yumɓu da duwatsu don ya tare ruwan sama, suna ce masa lavogne.

Asirin garin yana cikin dutsen. Tun zamanin da, gefen Combalou ya zabtare, duwatsu suka taru kan juna, suka bar koguna da tsagogi a ƙarƙashi. Ta waɗannan tsagogi, da suke kira fleurines, iska mai sanyi da laima take shiga kogunan dare da rana. Sanyin ciki yana tsayawa wajen digiri 8 zuwa 10, laima kuma kusan kashi 95 cikin ɗari, rani da damina. Wurin da ke da wannan hali bai wuce tsawon kilomita 2 da faɗin mita 300 ba, kuma a cikinsa aka gina ɗakunan ajiya hawa-hawa a ƙarƙashin gidajen garin.

Sai doka. A 1411 Sarki Charles na Shida ya ba mutanen garin izinin su kaɗai za su riƙa nunar da wannan cuku. A 1925 aka yi dokar kare sunansa, shi ne cukun farko a Faransa da ya samu haka. A 1961 kotun Millau ta yanke cewa duk cukun da bai kwana a kogunan Combalou ba, ba Roquefort ba ne, ko da nono da hannu duk ɗaya ne.

Likitan dabbobi, Dambatta:
Malam ya gama da dutse, bari in taɓa tumakin, don a nan lissafin ɗan'uwanmu na Ringim zai karye. Irin tunkiyar da doka ta yarda da shi guda ɗaya ne, Lacaune, kuma an daɗe ana zaɓen iri don nono kawai. Tunkiya ɗaya tana iya ba da lita 250 zuwa 300 a kakar tatsa, wadda kan fara da sanyin hunturu ta kai tsakiyar shekara. Balami da Uda da 'Yankasa dabbobin nama ne da layya, nononsu da ƙyar yake wuce abin da ɗan tunkiya zai sha. In ka matsa da tatsa, ɗan ne zai rame.

Ga yadda aikin yake. Ba a karɓar nono sai tunkiya ta yi kwana 20 da haihuwa. Ɗanye ake amfani da shi, ba a tafasa ba, ba a kwashe mai ba, kuma dole a sa masa abin daskarwa cikin awa 48 da tatsa. Ana ɗumama shi wajen digiri 30, a zuba abin daskarwa da ake samu daga cikin 'ya'yan dabbobi masu shan nono, tare da garin wata fumfuna mai suna Penicillium roqueforti. Masu bin tsohuwar hanya kan gasa burodi su bar shi a kogo har ya yi fumfuna, su busar, su niƙe. Bayan kamar awa biyu nono ya kama, a yayyanka, a zuba a mazubi mai huji, a riƙa juyawa ruwa na tsiyayewa. Sai gishiri, ana shafa shi busasshe na kwana biyar. Kusan lita 12 ke ba da dunƙule ɗaya mai nauyin kilo 2.5 zuwa 3.

Daga nan a sossoke dunƙulen da allurai, huji wajen 40, don fumfunar ba ta girma sai da iska. A jera a kogo tsirara aƙalla kwana 14, in jijiyoyi shuɗi-kore sun bazu a ciki a naɗe shi da takardar ƙarfe a kai wuri mafi sanyi. Ba ya fita kasuwa sai ya cika kwana 90.

Inda ake ɓaci: in an danne cukun ya haɗe ba kofofi, fumfuna ba za ta shiga ciki ba. In an makara wajen naɗewa, ta yi yawa, ya yi ɗaci. In laima ta gaza, ya bushe ya tsage. Ku auna wannan da zafin Afrilu a nan, digiri 40 da ɗoriya. Nonon da aka bari ɗanye a irin wannan zafi kafin azahar ya juya, kuma ɗanyen nono na iya ɗauke da cutar bakkale da ke kama mutum. Kogunan Birnin Kudu kuwa rumfunan dutse ne buɗaɗɗu, inuwa ce kawai, ba sanyi ba laima.

Ɗan ƙungiyar manoma, Gumel:
Likita, Allah ya ƙara sani. Ni abin da ya fi jan hankalina kuɗin ne. Kamfanoni bakwai kacal ke da izinin yin sa, babbansu Société, kuma suna fitar da fiye da tan dubu goma a shekara. Masu aiki a kogunan da yawa ba a ƙauyen suke kwana ba, daga Saint-Affrique da Millau suke zuwa. Nonon ma ba na garin ba ne, daga rugagen yankuna shida ake tattaro shi, kuma doka ta ce kashi uku cikin huɗu na abincin tumakin daga waɗannan yankuna zai fito, don kada wani ya sayo harawa daga nesa ya cika kasuwa da nono mai araha.

Dogaro da haja ɗaya kuma yana da nasa ciwon kai. Tarayyar Turai ta daɗe tana ƙin karɓar naman shanun Amurka da ake yi wa allurar ƙiba, sai a 1999 Amurka ta rama da harajin kashi 100 cikin ɗari a kan Roquefort. Makiyaya suka fusata, wani makiyayi mai suna José Bové ya jagorance su suka wargaza wani shagon abinci na kamfanin Amurka McDonald's da ake ginawa a Millau a watan Agustan shekarar.

Yaya na Ringim, in cuku kake so, wara ta fi kusa da mu: nonon shanu, ruwan tumfafiya, a ɗora a wuta mara ƙarfi har ya kama, a soya ko a sayar a ranar. Abin da za a iya ɗauka daga Roquefort shi ne rubutacciyar ƙa'ida. A ce masu kilishi na gari ɗaya su zauna su rubuta wane nama, wane kauri, tunkuza da yaji nawa, shanya kwana nawa, sannan su hana wanda bai bi ba sa sunan garin a ledarsa.

Mai tambaya daga Ringim:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Likita, wara ɗin in an soya kwana nawa take yi ba firji?