Neman shawara: in shiga yajin aikin 1 ga Yuni ko in lafe a gida?

Ɗan Damagaram, Orlando:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a taimaka min da shawara kaina ya kulle. Kun dai ji dokar baƙi marasa takarda da gwamnan Florida DeSantis ya sa wa hannu ran 10 ga watan nan na Mayun 2023, SB 1718, da za ta fara aiki 1 ga Yuli. Ni kes ɗina na neman mafaka na gaban alƙali shekara uku kenan, ina da takardar aiki da lasisin tuƙi na Florida, damuwata ƙanena ce. Lasisin jihar Connecticut gare shi, irin wanda ake ba marasa takarda, da shi yake kai kaya yana tura wa Inna ɗan abin cefane, to yanzu an ce daga Yuli a nan Florida tamkar ba shi da lasisi ne, kuma garin nan in ba mota wallahi ko masallaci ba ka zuwa balle aiki. Washegarin sa hannun kuma majalisar wakilai ta tarayya ta amince da ƙudirin H.R. 2 mai ƙuntata neman mafaka. Abokan aikinmu 'yan Meziko da Haiti sun ce ran 1 ga Yuni kowa ya ajiye aiki a fito titi. Raina na son fita, tsoro nake kar in ɓata kes ɗina da hannuna. Ya zan yi?

Hajiya Maman Biyu, Bronx:
Wa alaikassalam ɗana. Ni dai ba zan ce ka lafe ba. Mu nan New York da kake gani mara takarda na karɓar lasisi, ba a faranti aka kawo mana ba. A 2007 gwamna Spitzer ya gwada, aka yi masa caa ya janye, sai 2019 aka samu dokar Green Light, shekara 12 mutane na zarya Albany, babban birnin jihar, cikin sanyi, har da 'yan zangonmu na Kumasi da Accra masu tasi. Kuma ka duba fa, wanda aka hana lasisi ba zai bar tuƙi ba tunda yara za su ci abinci, sai dai ya tuƙa ba gwaji ba inshora, in ya bugi wani wa aka cuta? Wannan maganar ita za ku riƙa faɗa wa Turawan unguwarku, ita ke shiga kunnensu.

Malam na Greensboro:
Hajiya da girmanki, amma New York daban Florida daban. Ɗan Damagaram ƙanena, kafin ka taka ko'ina kira lauyanka. Zanga-zangar lumana ba laifi ba ce a Amurka ko ga baƙo, abin tsoron shi ne kamu, in hatsaniya ta tashi aka kwashe da kai ya shiga fayil ɗinka kenan, kuma tun dokar REAL ID ta 2005 alƙalin mafaka na da ikon ƙin yarda da kai kan ɗan saɓanin magana ko da bai taɓa ainihin dalilin gudunka ba, ina ga an ga takardar 'yan sanda. H.R. 2 kuwa kwantar da hankalinka tukuna, 219 da 213 ta wuce, ba ta tsallake majalisar dattawa ba kuma Biden ya ce ba zai sa hannu ba.

Direban Tirela, Atlanta:
Abin da ban ga kowa ya taɓo ba, kuma shi ya fi hana ni barci. Cikin SB 1718 ɗin nan, in ka ɗauko wanda ka san ya shigo ƙasar ta ɓarauniyar hanya ka tsallako da shi cikin Florida daga wata jiha, babban laifi ne, har shekara 5 a kurkuku. To in ta iyakar Meziko ƙanenka ya shigo, kar ku ce za ku zo mana sallar layya Atlanta ku koma tare a mota ɗaya daga 1 ga Yuli sai lauya ya duba takardunsa. Don Allah ka riƙe wannan.

Anti Nurse, Tampa:
Ka ce wa ƙanenka in ba shi da lafiya ya je asibiti kar ya zauna. E za a tambaye shi matsayin takardunsa a fom, amma yana da damar ƙin amsawa kuma ba za a hana shi magani ba. Batun adawa kuma ba titi kaɗai ba ne, ka kira ofishin ɗan majalisar yankinku ka ba su labarin ƙanenka ba tare da suna ba, ba sai kana ɗan ƙasa ba. Rajistar zaɓe ce kaɗai kar ka kuskura ko an miƙo maka fom.

Ɗan Damagaram, Orlando:
Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Na yi magana da lauyata, ta ce in je amma in tsaya inda masu shirya taron suka samu izini, in na ga an fara ture-ture in kama gabana. Na sanar da mai gidan aikinmu tun yau ba zan zo ran 1 ga wata ba. Ƙanena shi zai zauna gida, ya ce in riƙe masa kwali. Wa ke kusa da Orlando mu tafi tare? Akwai wurin mutum uku a motata.