Sun rufe ƙungiyar tseren ɗana wai babu kuɗi, ga kuma sabon ginin 'yan ƙwallo yana tashi

Maman Ɗan Tsere:

Assalamu alaikum. Don Allah waɗanda suka san harkar jami'o'in Amurka ku warware min wannan. Ɗana yana shekara ta biyu a wata jami'a can, gudun mita 800 yake yi, kuma da ƙafar nan tasa ya samu aka yafe masa rabin kuɗin makaranta. Ranar Talata aka tara su, ko minti goma ba a yi ba aka ce musu daga ƙarshen zangon nan babu sauran ƙungiyar tseren maza, wai babu kuɗi.

Da yamma ya kira ni ta bidiyo daga filin atisayensu, ya juya min kyamara. Robar da aka shimfiɗa a layin gudun duk ta ɓaɓɓare, layi na ɗaya ma an gitta igiya an hana bi. Bayan katanga kuma ga injin ɗaga kaya yana ta aiki a kan sabon ginin 'yan ƙwallo, ƙwallon nan nasu na Amurka mai hular kwano. Yaron da ban taɓa ganin hawayensa a kan wasa ba, ranar sai da na gani. Ni abin da ya ɗaure min kai, ta yaya gida ɗaya za a ce wani ɗaki babu tuwo, wani ɗakin kuma ana yanka rago?

Tsohon Koci:

Wa alaikumus salam. Hajiya, Allah ya ba ki haƙuri, amma a yi wa ƙwallon nan adalci. A manyan jami'o'i shi ne saniyar tatsa. Ƙawancen wasanni na wasu manyan jami'o'i da ake kira Big Ten kaɗai ya ƙulla yarjejeniyar talabijin ta kusan dala biliyan 7 a 2022, filin jami'ar Michigan kuma yana cin mutum sama da 107,000. Tsere da iyo da kokawa ba sa kawo ko kuɗin motar da ke kai su gasa. Ginin da kika gani ma sau da yawa attajiran tsofaffin ɗalibai ne ke ba da kuɗinsa, da sharaɗin ƙwallo kawai za a yi wa.

Dalilin da ya sa wuƙar ke yawan faɗawa kan maza shi ne dokar Title IX ta 1972, wadda ta hana fifita maza a kan mata a makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. Shekara da shekaru, kafin 2025, ƙwallo shi kaɗai yana cinye guraben tallafin karatu 85, duka na maza, alhali tseren maza gaba ɗayansa 12.6 aka ba shi a yayyanka wa yara. Shi ya sa ɗanki rabi ya samu. In za a daidaita lissafi, ba a taɓa ƙwallo, sai a waiwayi ƙananan wasannin maza.

Akanta:

Malam Koci, ka faɗi gaskiya amma rabinta. Saniyar nan taka ta fi kowa cin dusa. Jami'o'in da sashen wasanninsu ke riƙe kansa ba su da yawa, sauran da kuɗin da ake ɗora wa ɗalibai da aljihun jami'ar ake cike giɓi. Su kansu manyan duk abin da ya shigo sai sun ƙarar, don kada maƙwabci ya fi su ƙyalli ya kwashe musu yara. Jami'ar Texas A&M ta sallami kocin ƙwallonta Jimbo Fisher a Nuwamban 2023, ta ɗauki nauyin biyansa sama da dala miliyan 75 don ya tafi gida ya zauna. Jami'ar Jihar Louisiana (LSU) ta kashe dala miliyan 28 a 2019 wajen gyara ginin 'yan ƙwallo, har da kujerun da ke komawa gado, a lokacin da malamai ke kukan laburaren jami'ar yana yoyo. An ce kuɗin masu ba da gudummawa ne, haka ne, amma wa ya je ya roƙe su, kuma don me ya roƙa?

Yanzu ga sabon nauyi. Tun da kotu ta amince da sulhun shari'ar House, ƙarar da 'yan wasan jami'o'i suka shigar kan hana su kuɗi, a Yunin 2025, jami'a na iya biyan 'yan wasanta kai tsaye har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko, kaso mafi tsoka kuma na 'yan ƙwallo ne. Kuɗin nan daga wani wuri za su fito.

Yar Iyo:

Mama, ni kam ba muhawara na zo yi ba. Kada ya ɗauka magana ta ƙare. Jami'ar Clemson ta sanar da rufe tseren maza a Nuwamban 2020, yaran suka ɗauki lauyoyi, kafin ƙarshen Afrilun 2021 ta janye. Jami'ar Stanford ma ta ce za ta soke wasanni 11 a Yulin 2020, tsofaffin ɗalibai suka tashi tsaye suka tara kuɗi, a Mayun 2021 ta fasa.

Abu biyu zai yi a makon nan. Ya je ofishin wasanni ya nemi a rubuta masa a takarda ko tallafinsa zai ci gaba har ya gama digiri, don jami'o'i da dama suna barin shi ko an rufe wasan. Sannan kafin ya yi maganar komawa wata jami'a, ya fara zama da ofishin ɗaliban ƙasashen waje saboda bizarsa.

Maman Ɗan Tsere:

Allah ya saka da alheri, 'yata. Na tura masa. Ya ce su tara ne suka haɗu jiya da daddare a ɗakin kyaftin ɗinsu, suna tattara lambobin waɗanda suka yi wa makarantar gudu a baya. Atisaye kuma bai fasa ba, yau ma da asuba ya fita, a layi na biyu.